Motar da Ta Zo Ɗaukar Oga Ejike

Talata, 26 ga Mayu 1992, da yamma

Yau na riƙe sifana, karo na farko tun da rikicin nan ya ɓarke. Garejina na bakin titi yana rufe. Ba mai kawo mota, ni ma ba na son tsayuwa a wurin. Matata Angelina ta ce in na ƙara yini ɗaya a gida ina gyara mata risho da bai lalace ba, za ta kwashe yara ta koma gidan ubanta.

Da hantsi sai ga Chibuikem a ƙofa. Ɗan Oga Ejike ne, maigidana da ya koya mini aikin inji a Loko, ma'aikatar gyaran kan jirgi ta reluwe, zamanin da jirgin ƙasa yake jirgin ƙasa. A gabana yaron nan ya girma a kwatas ɗin reluwe, yanzu ga shi da tumbi da gashin baki, yana kasuwanci a Anacha. Daga can ya tuƙo shi kaɗai, a cikin wannan hali, don ya ɗauke ubansa ya kai shi ƙauyensu. Ya ce dangi sun zauna sun yanke, Papa ba zai ƙara zama a Kafanchan ba. Ya ce Oga ya amsa da to.

Na tambaye shi yaya hanya. Ya ce in bar wannan tambayar.

"Broda Levi, motan ne wahala," in ji shi. "Daga Gwantu ya fara huci. In na taka, ba ya ja. Ba zan sa Papa cikin motan da ba ya gudu ba. Ka gane?"

Na gane. A kwanakin nan akwai wuraren da mutum ba ya so motarsa ta yi masa nawa.

Motar tana gidan Oga, bayan tasha, a ƙarƙashin mangwaro. 'Yar Kwatano ce, ja wur, gajeriya, cikinta ya kusa shafar ƙasa. Na ɗaga murfin injin, sai na ce Yesu! Turbo biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Turbo na san shi tun a Loko, amma na kan jirgi ya kai girman randa, waɗannan kuwa kowanne bai fi gwanda ba. Aikin dai ɗaya ne: hayaƙin injin ya juya fanka, fanka ta cusa wa injin iska, injin ya samu ƙarfi. In iskar ta ɓace a hanya, ƙarfin ya ɓace.

Oga ya fito da sandarsa ya leƙa ta kafaɗata. Ya ce, "Kumai, ka wanke hannunka kafin ka taɓa?" Da sunan ubana yake kirana, kamar dā a wurin aiki. Ina da furfura, mutumin nan yana tambayata wanke hannu. Na je na wanke.

Ni ne zan gyara motar da za ta ɗauke shi. Abin bai yi mini daɗi ba, amma zan gyara.

Laraba, 27 ga Mayu, bayan abincin rana

Mun fita gwaji ni da Chibuikem, hanyar Kagoro. A cikin gari lafiya lau take tafiya. Da muka kama hawa na taka totur, sai ta yi kamar tsohon jaki. Akwai ɗan agogo a gaban direba mai nuna ƙarfin iskar turbo, allurar ta taso kaɗan ta tsaya tana rawa. Can ƙarƙashin murfi kuwa ana ta huci, fuuu. Iska na fita ta wani wuri, wannan ba shakka. Inda take fita ne ban sani ba, don tiyo a cikin injin nan ya fi hanjin akuya yawa.

Sojoji sun tsayar da mu a shingen bakin gari. Na buɗe but, na buɗe ko'ina. Ɗaya ya ce in ɗaga murfin injin, na ɗauka bincike ne, ashe kallo yake so. Ya kira ɗan'uwansa suka tsaya suna ta mamaki. Chibuikem bai yi dariya ba.

Mun dawo da wuri saboda dokar hana fita. Oga yana zaune a ƙofa. Ya ce, "Ta warke?" Na ce da sauranta. Ya ce, "Kada ka yi gaggawa. Aikin gaggawa ba na so."

Alhamis, 28 ga Mayu, da safe

Har yanzu ba labarin Joanna, ƙanwar Angelina da ke Sabon Tasha. Angelina ta share tsakar gida sau biyu.

Jumma'a, 29 ga Mayu, da la'asar

Ido ya kasa, don haka na ce a hura. Ba ni da famfo mai ƙarfi, na Ƙasimu mai faci ne, maƙwabcin garejina, shi ma shagonsa a rufe. Na aika masa saƙo ta bakin mai sayar da itace. Muka haɗu a inda titi ya ratsa layin dogo, shi bai ƙetaro ba, ni ban ƙetara ba. Ya miƙo mini famfon da wani tiyo mai kauri na tifa, ya ce ko zai yi amfani.

"Malam Lawi, yaya iyali?" Haka yake kirana.

"Lafiya. Naka fa?"

"Alhamdu lillahi. Muna nan dukanmu."

Muka tsaya kaɗan, kowa yana kallon takalminsa. Sai ya ce in ban dawo masa da famfon da mai a jiki ba, ya san inda nake kwana. Na ce ai tun da aka ƙera famfon nan bai ga mai ba. Muka yi dariya. Kai, na daɗe ban yi dariya irin wannan ba.

A gidan Oga na cire filtar iska, na toshe bakin da gwangwanin madara da na huda na sa masa bawul ɗin tsohon tiyub. Ɗaya bakin ma na toshe. Chibuikem ya cire rigarsa mai tsada ya kama famfo, ni kuma ina bin kowane tiyo da kowace mahaɗa da ruwan sabulu. Oga ya sa aka kawo masa kujera kusa, yana ba da umarni. "A hankali, Chibuikem, ba taya kake hurawa ba. Kumai, ƙasa, duba ƙasa. Kullum kai sama kake dubawa."

Kuma a ƙasan yake. Tiyon da ke kai iska daga turbon dama ya tsage ta ciki, wajen da ido ba ya kaiwa. Ina zuba ruwan sabulu sai kumfa ta taso bul-bul. Na yi ihu kamar na ci ƙwallo. Tsagar ba ta buɗewa sai iska ta matsa, shi ya sa a cikin gari ba a jin komai.

Oga bai yi murna ba. Ya ce, "To, ka samu ke nan," ya tashi ya shiga ɗaki.

Asabar, 30 ga Mayu, da yamma

Tiyon Ƙasimu ya shiga kamar don motar aka yi shi, sai da na rage masa tsawo kaɗan. Na ɗaure, muka sake hurawa, ba kumfa ko ɗaya. A hawan Kagoro allura ta tashi har ƙarshe, motar ta manna ni da kujera. Tabɗi! Ban taɓa tuƙa abu irin wannan ba, kuma ba na tsammanin zan ƙara.

Chibuikem ya ce Litinin da sassafe za su kama hanya. Na dawo gida ina jin daɗin aikin hannuna, na zauna cin tuwo, sai na tuna da hannun nan na gyara motar da za ta ɗauke Oga.

Lahadi, 31 ga Mayu, bayan sujada

Ba a cika coci ba. Wa'azin gajere ne, ba a kaɗa ganga ba. Daga baya matan zumunta suka wuce gidan Oga suka yi masa waƙar bankwana da addu'a. Shi ba ɗan cocinmu ba ne, amma wace ce a cikinsu bai gyara mata keken ɗinki ba? Ya zauna da hularsa a gwiwa yana cewa amin, amin. An ɗaure kaya. Akwati biyu ne kawai, bayan shekara hamsin a garin nan.

Litinin, 1 ga Yuni, da hantsi

Ba su tafi ba.

Chibuikem ya fita shan mai da safe, ya dawo fuska a murtuke. Allura ta koma rabi. Na hau da kaina, haka ne. Amma wannan karon ba huci. Shiru take, sai dai ƙarfin ne babu, kuma yana zuwa a makare. Na ji kunya ƙwarai. Jiya-jiya mata suka yi waƙa.

Ya ce, "Broda Levi, ko tiyon tifan ne?" Na ce ba shi ba ne, da zafi fiye da yadda ya kamata. Daga baya na ba shi haƙuri. Yaron bai yi barcin kirki ba tun da ya zo.

Laraba, 3 ga Yuni, da la'asar

Jiya da yau duka a kan motar. Na sake hurawa, iska ta tsaya cak, ba inda take fita. Na wanke filta. Na duba filogi, launinsu mai kyau. Na cire tiyon bakin kowane turbo na sa yatsa na juya fanka, tana juyawa sumul, ba ta girgiza, ba ta gogar bango, ba baƙin mai. Na bi jikin injin inda hayaƙi ke fita ina neman baƙin tabo, ko yana tserewa kafin ya kai ga fanka. Babu. Na kwance salansa ko ta toshe, na leƙa, na hango hasken rana ta ɗaya bakin.

Ya kamata in ce raina a ɓace yake. Gaskiya ba haka ba ne. Da safe in zo, Oga ya riga ya shimfiɗa buhu ya jera mini sifanu daga ƙarami zuwa babba. Ya zauna yana ba da labarin Loko, wanda na sani da wanda na san ƙari ne. Da rana Angelina ta kawo faten acca da yakuwa, mu ci mu uku a kwano ɗaya. Chibuikem ya ce a Anacha har mafarkin faten nan yake yi. Oga ya ce masa, "Ka ci a hankali, ba a korar ka." Yau har Chibuikem ya yi gyangyaɗi a kujera, bakinsa a buɗe, ubansa ya rufa masa zani a ƙafa.

Can wajen kasuwa an ji wani abu da rana. Muka kasa kunne dukanmu. Daga baya aka ce tayar babbar mota ce ta fashe. Muka ci gaba da aiki.

Alhamis, 4 ga Yuni, da rana

Ruwa tun safe. Ba aiki. Masu citta a Kachia sun ji daɗi.

Asabar, 6 ga Yuni, da yamma

Na kama shi! Yau na ɗaga gaban motar na shiga ƙarƙashi da madubin Angelina, wanda ba ta san na ɗauka ba. Kowane turbo yana da wata 'yar ƙofa a gefen hayaƙi. A rufe take zama, sai iska ta yi yawa sannan wata sanda ta tura ta buɗe, hayaƙi ya zagaye fanka don kada injin ya fashe. Abin da ke riƙe sandar a jikin ƙofar wani ɗan kilif ne, bai kai farce ba. Na dama lafiya. Na hagu kuwa sanda ta fita tana reto, ƙofa a wangame, hayaƙi na wucewa abinsa, fanka na zaman banza. Turbo ɗaya ke ɗauke da motar duk kwanakin nan.

Kilif ɗin na nema a ƙasa har da rarrafe, ban gani ba. Na ce ramukan hanyar Kagoro ne suka fizge shi. Na tono wani a gwangwanin tarkacena, na mayar da sanda, na danna shi har na ji ya ce ƙas. Gwaji lafiya lau, allura har ƙarshe.

Na ce da Oga, "Ɗan abu kamar ƙwayar gero, ya wahalar da mu haka." Ya ce, "Haka suke." Bai tambaye ni ta yaya ya fita ba. Na yi mamaki, don a Loko in ka ce masa abu ya faɗi da kansa, sai ka yini kana bayani.

Talata za su tafi. An ce ranar ayarin motoci zai bi ta Gwantu da rakiya.

Lahadi, 7 ga Yuni, da rana

Joanna ta aiko ta hannun wani direba. Suna nan da rai, ita da yaran. Ba ta faɗi sauran ba, mu ma ba mu tambaya ba. Angelina ta yi kuka, ta yi waƙa, ta yanka kaza. Matan zumunta sun sake zuwa yi wa Oga bankwana. Ɗaya ta ce wannan karon in bai tafi ba, shi zai saya musu lemo.

Talata, 9 ga Yuni, da hantsi

Kaya a but, Oga ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, Chibuikem ya ce bari ya zaga da ita sau ɗaya. Ya dawo, ya kashe injin, ya kifa kansa a sitiyari. Ayarin ya tafi ba su.

Ni kuwa na fusata. Na jira ta huce, na shiga ƙarƙashi ina zagin motar da wanda ya ƙera ta da jirgin ruwan da ya kawo ta. Sandar hagu ta sake fita. Kilif ɗin da na danna da hannuna babu shi. Na cusa hannu bayan farantin da ke tare zafi ina lalube, ko ya maƙale a can. Yatsana ya taɓa waya.

Na haska da tocila ta madubi. Kilif biyu ne, na asali da nawa, an zura su a siririyar waya an rataye a jikin wani noti. An murɗa wayar daidai wa daida, an lanƙwasa bakinta ciki don kada ta yanki hannun wanda zai zo daga baya.

Na daɗe a kwance a wurin. Dokar Loko ce: abin da ka cire daga inji ba ya taɓa ƙasa, ba ya shiga aljihu. Ka ɗaure shi kusa da mazauninsa, don in ka tashi aiki wanda ya karɓe ka ya same shi. Mutum ɗaya ne ya koya mini murɗa waya haka, kuma ya sha dukan bayan hannuna da filaya kafin in iya. Da wani ne, da ya jefa kilif ɗin a masai, har abada ban sani ba. Shi hannunsa ba zai yarda ba.

Daga inda nake ina hango ƙafafunsa, takalmin coci an goge shi yana ƙyalli. Na kwance wayar na sa a aljihu, na karya dokar. Na fito na ce da Chibuikem sandar ce ta sake fita, ya ba ni lokaci in gano dalili. Ban yi ƙarya ba, amma saura kaɗan.

Talata, bayan cin abincin yamma

Na gaya wa Angelina. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sai kuma ta share ido da bakin zani. Ta ce, "Baban Bernice, tsohon nan da asuba yake rarrafawa ƙarƙashin mota? Da wannan gwiwar tasa?" Ta ce in na tona shi ban kyauta ba, in na rufe shi ma ban kyauta ba. Na ce na gode da wannan babbar shawara.

Laraba, 10 ga Yuni, da la'asar

Na aiki Chibuikem neman man birki da ba na buƙata. Da ya fita, na zauna kusa da Oga na ajiye wayar a gwiwarsa. Ya dube ta. Ya ɗaga ta sama yana juyawa.

"Murɗin ya yi kyau," in ji shi.

"Ya yi kyau, Oga."

"Ka daɗe ba ka gano ba. Na ɗauka na koya maka fiye da haka."

Na ce haba Oga, yaron nan yana ramewa a gabanmu, kasuwarsa na can, matarsa na can da tsohon ciki. In ba za ka je ba, me ya hana ka faɗa masa?

Ya mayar da wayar kan gwiwarsa. Sannan ya ce, "Ya biyo hanyar nan saboda ni, Kumai. Ka san abin da ya gani? Ni ban sani ba, ya ƙi faɗa. Ya iso ya durƙusa a nan ya ce Papa mu tafi. Da wane baki zan ce a'a? Da tiyon ya tsage na ce Allah ne ya ba ni kwana biyu. Da ka gyara, sai na ce bari in ƙara kaɗan da kaina."

Na ce ai can gida ne.

"Gida ne. Na taɓa komawa sau ɗaya, ka san lokacin, ba sai na faɗa ba. Da aka gama yaƙin basasa na dawo a jirgin farko. Yanzu sa'o'ina na can duk sun mutu. In na fito da safe wa zan gaisar? Za su ajiye ni a baranda kamar tsohon rediyo. Nan kuwa ko kare ya san tafiyata."

Na ce ina jin tsoro dominsa. Na faɗa masa kai tsaye. Ya ce shi ma yana ji, amma tsoron nan ya san shi, na can ne bai sani ba.

Na ce to, ni ba zan gaya wa Chibuikem ba, kuma ba zan sake sa kilif ɗin nan ba. Wanda ya cire shi ya mayar. Ya harare ni, ya ce wato yanzu ni ke ba shi aiki. Na ce e.

Alhamis, 11 ga Yuni, da yamma

Yau Babbar Sallah. Ƙasimu ya aiko da cinya guda, kamar kowace shekara. Na mayar masa da famfo, na sa masa mai.

Jumma'a, 12 ga Yuni, da yamma

Da safe na ɗaga motar kamar kullum, na tsaya a gefe na harɗe hannu. Chibuikem yana kallona, bai gane ba. Sai Oga ya fito da tsohuwar rigar aikinsa ta Loko, ya miƙa wa ɗansa sanda ya ce riƙe. Ya zaro wayar daga aljihu a gabansa, ya kwance ta a hankali, ya zaɓi kilif na asali, ya ba ni nawa. Ya kwanta a buhu ya ja jiki ya shige. Ko tocila bai nema ba. Hannunsa ya san wurin.

Chibuikem ya dubi kilif ɗin da ke tafina, ya dubi ƙafafun ubansa, ya dube ni. Na dubi mangwaro.

Muka ji ƙas. Oga ya fito da taimakonmu, ya ce, "Mu je gwaji. Ni ma zan hau."

Bai taɓa shiga motar ba sai yau. Chibuikem ya tuƙa, Oga a gaba, ni a baya gwiwata a haɓa. Muka wuce sojoji. Da muka kama hawa Oga ya ce, "Taka." Ya taka kaɗan. "Na ce taka, ba ƙwai ba ne!" Ya taka har ƙasa. Turbo biyun suka ɗauki fito tare, allura ta haye, duwatsun Kagoro suka taho mana a guje. Tsohon nan ya riƙe hularsa yana ƙyalƙyala dariya yana cewa, "Ka ji su, Kumai? Ka ji su duka biyun?" Na ji su. Daɗi ya kama ni har na manta abin da ke gaba.

A sama Chibuikem ya tsaya a gefen hanya. Oga ya yi magana da Hausa, ina jin don in zama shaida.

"Motarka lafiya take, ɗana. Ba abin da ya same ta sai ni. Ka yafe mini. Ba zan je ba."

Chibuikem ya amsa da harshensu, da ƙarfi. Na fita na ba su wuri. Na zauna a kan dutse ina kallon mata suna shuka a ƙasa can, ina jin muryoyin suna tashi suna sauka. An daɗe. Da na waiwaya, kan Chibuikem na kafaɗar ubansa, uban yana bubbuga masa baya da hannun da ke da baƙin mai, duk ya ɓata masa riga.

Mun dawo kafin dokar hana fita. A hankali ya tuƙo.

Asabar, 13 ga Yuni, da hantsi

Ya tafi da sassafe, ya bi wasu motocin 'yan kasuwa da za su Akwanga. Angelina ta cika masa but da acca da citta a inda akwatunan Oga suka kwana biyu suna jira.

Kafin ya shiga mota ya kama hannuna a gaban ubansa. Ya ce, "Broda Levi, Papa ba zai zauna shi kaɗai ba, gidanka zai koma. In wani abu ya tashi, inda ka sa yaranka, nan za ka sa shi." Na ce na ɗauka. Ya ce, "Ran da Allah ya kira shi kuma, kai da kanka za ka kawo mana shi gida. A wurinmu ba a barin uba a waje. Wannan ne abin da zan je in gaya wa dangi." Na ce wannan ma na ɗauka, a gaban Ubangiji.

Oga ya gyara tsayuwa a kan sandarsa. Ya ce, "Ranar ka kawo motar da ka ga dama, Kumai. Ba zan taɓa mata komai ba."

Chibuikem ya fara dariya, sai dariyar ta juye kuka. Ya shiga ya ja ƙofa. Muka tsaya a bakin hanya, ni da Oga, muna sauraron fiton har ya ɓace. Oga bai motsa ba sai da na taɓa masa hannu.

Yanzu yana ɗakin da Bernice ta bar masa. Ina jin su shi da Angelina suna gardama a kan akwatin sifanunsa. Ita ta ce a zaure, shi ya ce ƙarƙashin gado.